Willem Einthoven: Masanin Da Ya Tambayi Hannu Da Ƙafa Labarin Zuciya

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. A asibitocin duniya kuwa, sama da shekara 100 ke nan likitoci suna tambayar hannuwa da ƙafa da fatar ƙirji. Duk wanda aka taɓa kwantarwa a gadon gwaji, aka manna masa wayoyi a jiki, na'ura ta turo wata takarda mai ƙananan gidaje ɗauke da zane mai hawa da sauka, to ya ci gajiyar aikin Willem Einthoven, malamin jami'a ɗan ƙasar Holan wanda ya mutu a shekarar 1927. Wannan gwaji shi ake kira ECG, wato zanen lantarkin zuciya.

An fi sanin Einthoven da ƙera na'urar farko da ta iya ɗaukar wannan zane yadda likita zai amince da shi. Sai dai yana da wani aikin da ya kai wannan nauyi, ko ma ya fi shi. Zuciya tana can cikin ƙirji, haƙarƙari ya kewaye ta, huhu ya lulluɓe ta, abin da ke isowa fata kuwa ɗan ragowar lantarki ne, kimanin kashi 1 cikin 1,000 na bolt guda. Ta yaya mutum zai dubi wannan ɗan ragowa ya faɗi sashen zuciyar da ya taso, da inda ya dosa, da wurin da ya ci karo da cikas? Einthoven ne ya fara ba da amsar da za a iya aunawa a kuma lissafa, kuma a kan amsarsa ake ta ɗora gini har yau.

Daga Semarang zuwa Utrecht

An haifi Willem Einthoven ranar 21 ga Mayu, 1860 a Semarang, wani gari na bakin teku a tsibirin Java, cikin ƙasar da ake kira Indonesiya a yau, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Holan. Mahaifinsa, Jacob Einthoven, likitan soja ne wanda daga baya ya zama likitan gari. Willem shi ne na uku cikin 'ya'ya shida, kuma babba a cikin maza. Yana da shekara shida mahaifin ya mutu. Bayan shekara huɗu, a 1870, mahaifiyarsa Louise de Vogel ta kwashe yaranta ta koma Holan, suka zauna a birnin Utrecht.

A 1878 ya shiga Jami'ar Utrecht don karanta likitanci. Da yake gida babu uba, ya karɓi tallafin soja bisa sharaɗin idan ya gama zai koma ƙasashen mulkin mallaka ya yi aikin likitan soja kamar mahaifinsa. Ɗalibi ne mai son motsa jiki, kuma a wajen wasa ne ya karye a wuyan hannu. Zaman jinyar ya sa ya riƙa lura da yadda hannu ke juyawa, abin da ya haifar da bincikensa na farko a kan yadda gwiwar hannu ke aiki. Daga nan ya shiga hannun manyan malamai biyu, Herman Snellen, likitan idon da ya fito da allon haruffan gwajin gani, da Franciscus Donders, masanin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. A ƙarƙashin Donders ya rubuta kundin digirin digirgir a 1885, a kan yadda bambancin launi ke sa ido ya ga wani abu kusa wani nesa alhali a kan shafi ɗaya suke.

A ƙarshen wannan shekara kujerar farfesan ilimin aikin gaɓoɓin jiki ta Jami'ar Leiden ta zama babu kowa, Donders ya tsaya masa aka ba shi. Ya kama aiki a farkon 1886 yana da shekara 25, bayan ya ɗauki nauyin mayar wa soja kuɗin da suka kashe masa domin ya fanshi kansa daga alƙawarin da ya yi. A wannan shekarar ya auri 'yar'uwarsa Frédérique de Vogel, suka haifi mata uku da namiji ɗaya. Bai sake barin Leiden ba har ƙarshen rayuwarsa, shekara 41 a kujera ɗaya. Aikinsa na farko da ya ja hankali a can ya shafi tsokar hanyoyin numfashi da yadda ciwon asma ke tashi, wanda ya wallafa a 1892.

Abin da ya gani a Basel

Tun kafin a haifi Einthoven an san zuciya tana da lantarki. A 1842 ɗan Italiya Carlo Matteucci ya nuna cewa kowace bugawar zuciyar kwaɗo tana tafe da ɗan lantarki, kuma a 1856 Kölliker da Müller suka tabbatar da haka a Würzburg ta Jamus. Dalili shi ne, kafin kowace tsokar zuciya ta matse, sai wani canji na lantarki ya ratsa ta, yana yaɗuwa daga ƙwayar halitta zuwa maƙwabciyarta kamar wutar daji a busasshiyar ciyawa. Jikin mutum kuwa ruwa ne mai gishiri, yana wuce da lantarki, don haka ɗan abin da zuciya ta samar yakan yaɗu har fatar hannu da ƙafa.

Wanda ya fara kama wannan saƙo daga jikin mutum ba tare da an buɗe ƙirji ba shi ne Augustus Waller na Asibitin St Mary's da ke Landan, a 1887. Ya yi amfani da wata na'ura da Bafaranshe Gabriel Lippmann ya ƙera: siririn bututun gilashi da zaiba a ciki, ruwan asid a kanta. In lantarki ya ratsa, sai saman zaibar ya ɗan motsa, a ɗauki hoton inuwarsa. A 1889 aka yi taron farko na masana aikin gaɓoɓin jiki na duniya a Basel ta Switzalan, Waller ya nuna gwajinsa a bainar jama'a, Einthoven kuma yana cikin masu kallo.

Waller ya riga ya hango wani muhimmin abu. Ya zana zuciya tamkar ƙaramin batir mai kai biyu da ke kwance a karkace cikin ƙirji, ya kuma lura cewa wasu gaɓoɓin in an haɗa su saƙon yakan fito sosai, wasu kuwa da ƙyar. Amma zanen da na'urarsa ke bayarwa dusu-dusu ne. Zaiba tana da nauyi, ba ta iya bin saurin zuciya, kafin ta gama hawa saƙon ya wuce. Shi kansa Waller ya daɗe yana ganin abin ba zai yi wani amfani sosai a asibiti ba.

Haruffa biyar

Einthoven ya koma Leiden ya shafe shekaru yana fama da wannan na'ura. Ya auna yawan jinkirin da zaiba ke yi, ya fitar da lissafin da za a gyara zanen da shi, ta yadda daga gurɓataccen zane za a iya komawa ga ainihin abin da zuciya ta aiko. Da ya wallafa sakamakon a 1895, gyararren zanen ya nuna tudu da kwari guda biyar a kowace bugawa, ya sa musu haruffan P, Q, R, S da T. Waɗannan haruffa su ɗaliban likitanci ke haddacewa har gobe.

Kowane harafi yana nuni da wani wuri da wani lokaci. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. P shi ne lokacin da lantarki ke ratsa ɗakunan sama. Q da R da S a haɗe su ne ratsawarsa cikin ɗakunan ƙasa masu kaurin tsoka, waɗanda ke tura jini zuwa huhu da sauran jiki. T kuwa shi ne komawar waɗannan ɗakuna hayyacinsu kafin bugawa ta gaba. Wannan shi ne matakin farko na gano mafarin saƙon: raba zanen gida-gida, a danganta kowane yanki da sashen zuciyar da ya haife shi.

Sai dai gyaran zane ɗaya da hannu aiki ne mai cin lokaci, wanda ba likitan da zai iya yi a gaban majinyaci. Einthoven ya yanke shawarar ƙera na'urar da ba ta buƙatar gyara.

Na'ura mai tsirkiya

A 1901 ya bayyana sabuwar na'urarsa, galbanomita mai tsirkiya, ya kuma yi cikakken bayaninta a 1903. Wani injiniya Bafaranshe, Clément Ader, ya taɓa ƙera makamanciyarta a 1897 don karɓar saƙon wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku, Einthoven kuma ya ambace shi a rubutunsa. Amma tasa ta fi waccan jin motsin lantarki nesa ba kusa ba.

Sirrin yana ga tsirkiyar. Ana narka dutsen kwats, wani farin dutse mai kama da gilashi, a maƙala gefensa a jikin kibiya, a harba kibiyar ta ƙetare ɗaki, sai narkakken dutsen ya miƙe ya zama zare. Baturen Ingila Charles Boys ne ya fito da wannan dabara. Kaurin zaren bai wuce kimanin kashi 3 cikin 1,000 na milimita ba, silin gashin mutum ya ninka shi sau da yawa. Sai a shafe shi da azurfa don ya iya wuce da lantarki, a ɗaure shi tsakanin kawuna biyu na wani ƙaton maganaɗisun lantarki. In saƙon zuciya ya bi ta cikin zaren, sai ya ɗan karkata gefe. Da yake ba shi da nauyi, yana bin saƙon nan take. Ana haska shi da fitila mai ƙarfi, madubin ƙara girma ya ninka inuwarsa sau ɗaruruwa, inuwar ta faɗa a kan farantin hoto mai tafiya.

Na'urar ta kai kimanin kilo 270, ta cinye ɗaki biyu, tana buƙatar mutum biyar, kuma sai an riƙa zagaya maganaɗisun da ruwa don kada ya yi zafi. Wanda za a gwada yakan zauna ya tsoma hannuwansa da ƙafarsa ta hagu cikin bokitan ruwan gishiri, wayoyi su ɗauki saƙon daga bokitan. Duk da wannan girma, zanen da ta fitar yana da tsabtar da bai gaza na na'urorin yau ba.

Einthoven ya kuma kafa ma'auni, abin da ya sa zanen Leiden zai iya karantuwa a ko'ina. Ya tsayar cewa kashi 1 cikin 1,000 na bolt zai ɗaga zane santimita 1, farantin kuma zai riƙa tafiyar milimita 25 a daƙiƙa. Takardar ECG da ake miƙa wa majinyaci a Abuja ko Kano a yau, a kan wannan ma'auni take fitowa.

Waya daga asibiti

Na'urar ba ta ɗaukuwa zuwa asibiti, masu ciwon zuciya kuma ba su ɗaukuwa zuwa ɗakin bincike. Bisa shawarar wani masanin kimiyyar lantarki, Johannes Bosscha, aka ja waya daga asibitin jami'a zuwa ɗakin binciken Einthoven, tazarar kimanin kilomita ɗaya da rabi. Ranar 22 ga Maris, 1905 aka ɗauki zanen farko ta wannan hanya: mutum yana zaune a asibiti, zuciyarsa tana rubutu a wata unguwa. A wannan shekara ne kuma Einthoven ya riƙe shugabancin Jami'ar Leiden na zangon shekara guda.

A rubutun da ya fitar a 1906 ya nuna zanen majinyata iri-iri. Akwai wanda ɗakin ƙasa na hagu ya yi kauri, akwai wanda na dama ne ya yi, kuma zanensu ya saɓa da juna. Akwai bugawar da ke shigowa kafin lokacinta daga wani wuri dabam a ɗakunan ƙasa, mai faɗi da siffa baƙuwa. Akwai kuma wanda hanyar da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa ta yanke ɗungurungum, kowane ɓangare yana bugawa da nasa saurin.

Wannan ya zo daidai da lokacin da masu binciken ƙirar jiki ke gano hanyoyin lantarkin zuciya da idanunsu. A 1906 ɗan Japan Sunao Tawara ya bayyana ƙullin da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, a 1907 kuma Arthur Keith da Martin Flack suka gano wani ƙullin a ɗakin sama na dama. Wani matashin likita na Landan, Thomas Lewis, wanda ya fara musayar wasiƙu da Einthoven a 1908 ya kuma ziyarci Leiden a 1909, ya yi amfani da irin wannan na'ura a 1910 ya nuna cewa daga ƙullin Keith da Flack kowace bugawa ke farawa. Einthoven mutumin ɗakin bincike ne, Lewis kuwa mutumin gefen gadon majinyaci, kuma ta hannun Lewis ECG ya shiga asibitocin duniya. Kamfanin Cambridge Scientific Instrument na Horace Darwin, ɗan Charles Darwin, ya riƙa ƙera na'urar yana rage mata girma.

Alwatikar Einthoven

Tun farko Einthoven ya zaɓi hanyoyi uku na haɗa wayoyi, waɗanda za a iya kira mahanga uku. Mahanga ta ɗaya tana auna bambancin lantarki tsakanin hannun dama da hannun hagu. Ta biyu tana auna tsakanin hannun dama da ƙafar hagu. Ta uku tana auna tsakanin hannun hagu da ƙafar hagu. Zuciya ɗaya ce, bugawa ɗaya ce, amma kowace mahanga da irin zanen da take bayarwa. Me ya kawo haka?

Ya gabatar da amsarsa a wani jawabi ga ƙungiyar likitoci ta Chelsea a Landan a 1912, sannan a 1913 shi da mataimakansa biyu, Ba'amurke George Fahr da Alfred de Waart, suka wallafa cikakken lissafin. Ya ɗauki kafaɗar dama da kafaɗar hagu da ƙasan ciki a matsayin kusurwoyi uku na wata alwatika mai ɓangarori daidai wa daida, hannuwa da ƙafa kuwa tamkar wayoyi ne kawai da suka miƙo daga kusurwoyin. Ya ajiye zuciya a tsakiyar alwatikar kamar ɗigo. Duk lantarkin da miliyoyin ƙwayoyin tsoka ke samarwa a wani lokaci guda, ya tattara shi ya mai da shi kibiya ɗaya mai tsawo da alkibla.

Misalin da zai sauƙaƙa fahimta shi ne sanda da inuwarta. A riƙe sanda a tsakiyar ɗaki mai bango uku, a haska ta zuwa kowane bango. Bangon da sandar ta kwanta daidai da shi zai sami doguwar inuwa. Wanda ta karkace masa zai sami gajeriya. Wanda ta nuna kai tsaye ba zai sami komai ba sai ɗigo. Kowace mahanga ta Einthoven bango ce, tsawon zanen da ta nuna kuwa inuwar kibiyar zuciya ce. Saboda haka wanda ya auna inuwa biyu zai iya komawa baya ya zana sandar da bai gani ba, ya faɗi tsawonta da kusurwar da ta karkata.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ke ɗauke da sunansa: a kowane lokaci guda, abin da mahanga ta biyu ta nuna daidai yake da jimillar ta ɗaya da ta uku. In ta ɗaya ta nuna milimita 4, ta uku ta nuna 6, ta biyu za ta nuna 10. Ma'aikatan asibiti kan dogara da ita su gane ko an haɗa wayoyi daidai.

Da wannan lissafi abubuwa da yawa suka warware. A jikin baligi mai lafiya, kibiyar ɗakunan ƙasa takan nuna ƙasa da hagu. In mutum ya ja dogon numfashi, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan sauka, zuciya ta ƙara miƙewa tsaye, kibiyar ta juya, zanen mahanga ta ɗaya ya ragu, na ta uku ya ƙaru. Dogon mutum siriri zuciyarsa takan fi tsayuwa, ta mai ƙiba ko mai juna biyu takan fi kwanciya. Da haka likita ya sami hanyar bambance canjin da zaman zuciya ya kawo da wanda ciwo ya kawo. In kuwa tsokar ɓangare ɗaya ta yi kauri, ko wata hanyar lantarki ta toshe, kibiyar takan bar inda aka saba ganinta, ta nuna wa likita inda zai duba.

Iyakar alwatikar

Einthoven ya san ya sauƙaƙa al'amarin da gangan. Jikin mutum ba alwatika ba ne. Zuciya ba ta tsakiyar ƙirji sosai, kuma ta fi ɗigo girma. Jini yana wuce da lantarki cikin sauƙi, huhu mai iska da ƙashi suna tare shi. Haka kuma mahangar uku duk a shimfiɗe ɗaya suke, ba su ganin abin da ya dosa gaba ko baya. Shi ya sa ya kira tsawon kibiyarsa girman da ya bayyana, domin ya bambanta shi da ainihin abin da ke faruwa a ciki.

Akwai kuma wani shinge da ya girme shi. A 1853 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya tabbatar da lissafi cewa in an san mafarin lantarki a cikin jiki, za a iya faɗin abin da zai bayyana a fata, amma in fatar kawai aka sani, mafarai mabambanta marasa iyaka za su iya ba da wannan zane guda. Inuwa ba ta faɗin ko sanda ɗaya ce ko damin kara. Hikimar Einthoven ita ce ya taƙaita tambayar har ta zama mai amsuwa: ya ƙaddara cewa sanda ɗaya ce, a wuri sananne, sai ya nemi tsawonta da alkiblarta kawai.

Tarihi ya nuna haɗarin da ke cikin wannan fage. Lantarki yana sauka ɗakunan ƙasa ta rassa biyu, na dama da na hagu, kuma ɗayansu kan toshe. Lewis ya yi gwajinsa a kan karnuka, ya ɗauki sakamakon ya ɗora a kan mutum, alhali zaman zuciyar kare a ƙirji dabam yake da na ɗan Adam. Sakamakon haka likitoci suka shafe shekaru suna kiran toshewar reshen hagu ta dama, ta dama kuma ta hagu. A 1920 George Fahr, wanda ya yi aikin alwatikar tare da Einthoven, ya yi nuni da cewa an juya sunayen. Ba a gamsu ba sai bayan 1930, lokacin da Barker da Macleod da Alexander a Michigan ta Amurka suka sami majinyacin da aka buɗe wa ƙirji don tiyata, suka taɓa wurare daban-daban na zuciyarsa da lantarki, suka ga zanen da kowane wuri ke bayarwa.

Lambar Nobel da mutuwarsa

Einthoven bai tsaya kan zuciya kaɗai ba. Ya ɗauki sautin bugawarta a hoto, ya auna lantarkin da ido ke samarwa in haske ya faɗa masa, ya kuma auna na jijiyoyi. Shi da ɗansa Willem Frederik, injiniyan lantarki, sun ƙera wata tsirkiya da ke aiki a bututun da aka zuƙe wa iska, wadda a farkon shekarun 1920 ta kama saƙon rediyo daga tashar Malabar da ke Java, tsibirin da aka haife shi, tazarar kimanin kilomita 12,000.

A 1924, yana rangadin gabatar da laccoci a Amurka, labari ya iske shi cewa an ba shi lambar Nobel a fannin likitanci saboda gano yadda zanen lantarkin zuciya ke samuwa. A jawabin da ya gabatar a Stockholm a Disambar 1925 ya yaba wa masu bincike na ƙasashe da dama, musamman Thomas Lewis, wanda ya ce ba don aikinsa ba da ƙimar na'urar ba ta bayyana da wuri haka ba. Ya kuma nemi tsohon mataimakinsa Van de Woerd, wanda ya taya shi ƙera na'urar, don su raba kuɗin kyautar. Da ya tarar mutumin ya mutu ya bar 'yan'uwa mata biyu cikin talauci, sai ya ba su rabin kuɗin.

A 1926 Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Ingila ta zaɓe shi mamba daga ƙetare. Ya mutu a Leiden ranar 29 ga Satumba, 1927 bayan doguwar jinya, yana da shekara 67, aka binne shi a Oegstgeest kusa da birnin. Ranar ta zo daidai da wadda a yanzu ake bikin Ranar Zuciya ta Duniya a kowace shekara.

Abin da aka ɗora a kan gininsa

Waɗanda suka biyo baya sun bi gurbin da shi da kansa ya nuna. A 1934 Frank Wilson na Jami'ar Michigan ya haɗa wayoyin gaɓoɓin uku wuri guda ya sami madogara, wadda da ita ake auna lantarkin kowane wuri a ƙirji. A 1938 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Birtaniya suka fara daidaita wuraren manna wayoyin ƙirji, a 1942 kuma Emanuel Goldberger ya ƙara mahanga uku daga gaɓoɓi. Da haka aka kai ga mahanga 12 da ake amfani da su yanzu, uku na farko kuwa su ne na Einthoven, ba a canza su ba. A 1946 Herman Burger da van Milaan, a Utrecht inda Einthoven ya yi karatu, suka ƙera mutum-mutumi suka cika shi da ruwa mai wuce da lantarki, suka nuna cewa alwatikar gaskiya karkatacciya ce, ɓangarorinta ba daidai suke ba.

Amfanin wannan duka yana bayyana ne a ɗakin gaggawa. In aka kawo mutum da ciwon ƙirji, likita ya ga layin da ke tsakanin S da T ya ɗaga a mahanga ta biyu da ta uku da wadda ke duban zuciya daga ƙafa, ya san bangon ƙasa na zuciya ne ya rasa jini, kuma galibi jijiyar dama ce ta toshe. In a wayoyin gaban ƙirji ne ya ɗaga, bangon gaba ne, jijiyar kuma wata ce dabam. Cikin 'yan mintuna, ba tare da an tsaga fata ba, an san wurin da za a nufa.

A manyan cibiyoyin bincike an wuce nan. Ana sa wa majinyaci riga mai wayoyi sama da 200, a ɗauki hoton ƙirjinsa don sanin ainihin siffar zuciyarsa da mazauninta, kwamfuta ta lissafa taswirar lantarkin da ke saman zuciyar, domin a gano ɗigon da ke haddasa rikicewar bugawa kafin a shiga ƙona shi. Ƙungiyar Yoram Rudy a Amurka ta nuna wannan hanya a jikin mutane a 2004. Shingen Helmholtz yana nan, ɗan kuskure a awon fata kan zama babban kuskure a taswirar, don haka sai an ɗaure lissafin da abin da aka riga aka sani game da zuciya kafin ya ba da amsa mai ma'ana. Haka Einthoven ya yi a 1913, da wayoyi uku da bokitan ruwan gishiri.